Lambar girma ta ƙasa: sai mai biro, ko har da mai goge?

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin nan na cina tun ranar 18 ga Disamba ban samu na hwaɗa ba sai yau. Na tahi Tawa hutun ƙarshen shekara, ranar bikin jamhuriya muna zamne a zaure ni da kawuna ƙanen innata, an kunna Tele Sahel ana nuna masu amsar lambar girma, a kira suna, mutum ya hito, a maƙala mai a ƙirji a yi tahi. Kawu idanunshi sun yi rauni yanzu, da kunne yake bin tele. Ga wanda bai san shi ba, makaɗin goge ne, ya hi shekara arba'in yana ja. Zamanin Kunce da ake festibal na matasa shi ke riƙe da goge cikin trup ɗin jiharmu, sun je Damagaram sun je Maraɗi sun zo nan Yamai, har yau wani lokaci nikan ji an sako kiɗinshi a rediyo ba a ko hwaɗi sunanshi ba.

Da anka ƙare kiran sunaye sai ya ce in jawo mai akwatin ƙarhe daga ƙarƙashin gado. Ya yi ta lalube har ya hiddo wata leda, ciki takardar temuwanyaj ce, ta yabon aiki, da wani farfe ya sa ma hannu tun ban shiga lakwal ba, ta yi ja, wurin ninkin ya tsage an liƙe da sikoci. Ya ce "tawa ke nan", bai ƙara komi ba, ba ƙorahi ba komi. Cikin ledar nan dai akwai ordonas ta maganin ido, jika 18, ta yi wata biyu ba a saya ba kuma bai gaya ma kowa ba. Wallahi sai da na hita waje.

To tambayata, wanga tsari na lambobin girma, don wa anka yi shi? Ban ce waɗanda anka ba ba su cancanta ba, Allah ya sani akwai masu aiki cikinsu. Amma in ka saurara kusan duka darakta kaza, sakatare janar kaza, kanal kaza. Ina makaɗa, ina zabiyoyi, ina manoma da makiyaya, ina ungozoma? Ko su ba ƙasa sunka yi ma aiki ba?

Na Bakin Tasha:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba kawu lahiya. Amma ɗan uwa gaskiya ɗaya ce, lamba ba a dahwa ta. Ko an maƙala mai goma gobe ordonas ɗin nan na nan. Ni da za a tambaye ni a bar ƙarhen a ba mutane kuɗin magani.

Ɗan Ader:
Na yarda ba a dahwa ta. Amma da ka ga hannunshi sa'ad da yake shahwa takardar nan da ba ka ce ba komi ba ce. Mutumin da ya ɓoye takarda shekara da shekaru cikin leda don kar ruwa ya taɓa ta.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗana, na karanta har ƙarshe, Allah ya saka maka da ka kula da tsoho. Bari in sa baki don ni ina cikin waɗanda aka maƙala ma, na samu ta Palmes Académiques bayan na share shekara 34 da alli a hannu, daga ƙauyukan Abalak har na ƙare a Yamai, kuma ba zan ɓoye ba na yi farin ciki ranar, ƴaƴana sun yi hoto da ni. Saboda haka na san hanyar da abin ke bi, kuma a hanyar matsalar take.

Tsarin namu daga Faransa muka gaje shi, irin Légion d'honneur da Napoleon ya kafa a 1802. Muna da Ordre National du Niger, da Ordre du Mérite, da Palmes Académiques ta harkar ilimi, da Mérite Agricole ta noma. Manyan kuma hawa-hawa ne, shebaliye, ofisiye, komandar, gran ofisiye, sai gran kuruwa a can ƙoli. Shugaban ƙasa ke sa hannu a dekire, ofishin lambobin girma, Grande Chancellerie, ke riƙe da aikin. To amma suna ba ya tashi da ƙafarsa ya je can, sai an gabatar da kai. Shugabanka na sarwis ya rubuta, a haɗa dosiye, takardar haihuwa, kaziye na kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, lissafin shekarun aiki, ya hau zuwa minista, minista ya tura. Ma'aikacin gwamnati yana da matirkil, wato lambar ma'aikaci, yana da shugaba, akwai wani a biro da aikinsa ke nan ya duba wa ya kai shekaru. Shi ko kawunka wa ne shugaban sarwis ɗinsa? A wane kabad dosiyensa yake? Ba wai an zauna an ce kar a ba makaɗa ba ne, an sha ba mawaƙa da ƴan wasa, amma ƙofar an auna ta ne da tsayin mai albashi, wanda ba shi da biro sai in wani babba ya tuno da shi.

Uwar Ƴan Biyu:
Baba Mushe Allah ya ƙara girma, ka hwaɗi abin da ban taɓa ganewa ba. Ashe shi ya sa. Ke nan in ba ka da wanda zai rubuta sunanka ko ka haƙa rijiya ɗari ba ka cikin lissahi.

Mushe Mai Ritaya:
Haka ne ɗiyata. Akwai abin da ake kira bayarwa ta musamman, ba sai an ƙirga shekaru ba, da kuma wadda ake ba mamaci. Ta musamman ɗin ita ce ya kamata ta ɗauki irin su kawu, amma ita ma sai an samu mai kai maganar.

Mai Gita:
Gaisuwa ga manya. Ni ina cikin sana'ar, ina kaɗa gita a bukukuwa nan Yamai, to ku bari in hwaɗi yadda muke ganin abin daga ciki. Mu a Nijar mun iya girmama mawaƙi, amma sai ya mutu. Ku duba da kanku. CFPM, makarantar kiɗa ta Yamai, sunan Elhaji Taya gare ta. CCOG, gidan al'adu na Yamai, sunan Oumarou Ganda mai sinima, wanda ya ciyo babbar kyautar Etalon de Yennenga ta farko a bikin sinimar Afirka na FESPACO a 1972, ya rasu 1981 sannan anka sa ma gidan sunanshi. Gidan matasa na Yamai Djado Sékou, na Tawa Albarka Cibau, gasar kiɗa mahi girma da munka taɓa yi Prix Dan Gourmou, ɗan Tawa. Duka madalla, ban raina ba, in na wuce gaban CFPM ina jin daɗi. Amma bango ne ke ɗauke da sunan, mai sunan yana kabari. Ina laihi a yi ma mutum yana ji yana gani, ya sa babbar riga ya je da iyalinshi.

Kuma ku duba Malam Maman Barka Allah ya jiƙanshi. Mushen lakwal ne kamar Baba, ga gurumi a hannu. A 2002 da tallahin UNESCO ya tashi ya tahi bakin tabkin Cadi wajen tsoho Boukar Tar ya koyi biram, abin kiɗan nan na masuntan Buduma mai tsirkiya biyar mai kama da jirgin ruwa, lokacin saura ƙiris ya ɓace daga duniya. Ya ɗauke shi ya kai Turai ya kai ko'ina. Ya rasu Nuwamba 2018. Yau matasa nawa ke iya kaɗa biram? Ni a ganina girmama irin wannan mutum shi ne a zaunar da shi a ba shi albashi da almajirai goma tun yana da ƙarhi.

Almajirin Malam:
Salamu alaikum. Ni kam ina da ja a maganar nan, kuma ba don raina kowa ba. Ɗan Ader ka yi haƙuri, kawunka uba ne gare mu, Allah ya ba shi lafiya, taimakonsa wajibi ne a kanmu don tsufa da zumunci. Amma a ce ƙasa ta ɗauki lambar girma ta ba kiɗa, alhali ga alarammomi da suka yi shekara hamsin suna karantar da yara a tsangaya ba ko dala ta gwamnati, ga limamai masu sasanta ma'aurata da manoma da makiyaya, wa ya taɓa kiransu? Kuma mu faɗi gaskiya, goge a ƙasar Hausa kowa ya san da me aka fi saninsa. Mawaƙan yanzu kuwa da yawansu roƙo ne da zuga, wanda ya ba su mota shi ne gwarzo, sun riga sun karɓi ladarsu a hannun ƴan siyasa.

Ɗan Ader:
Malam na ji, kuma ban ji haushi ba don ba yau na hwara jin haka ba, cikin gidanmu ma ana hwaɗi. Maganar alarammomi ina bayanka ɗari bisa ɗari, ai su ma ba su da biro ba su da matirkil, ciwonmu guda. Amma kawu da gogen nan ya yi waƙar dashen itace, ya yi ta rigakahi lokacin da mata ke ɓoye yara in sun ga motar likita, ya yi ta sa ɗiya mata lakwal. Gwamnati da kanta ke aiko mota a ɗauke shi in tana son saƙo ya shiga ƙauye, don ta san jawabin farfe da Faransanci ba ya wuce bakin runhwa. Lokacin da ake bukatarshi ba a ce goge ne ba.

Almajirin Malam:
Wannan kam gaskiya ne, wanda aka yi amfani da shi aka yar ba a kyauta masa ba, ko me sana'arsa. A nan ba mu da saɓani. Inda na tsaya shi ne kar a mai da abin na mawaƙa kaɗai.

Ɗiyar Keita:
To ni ma ku ba ni wuri. Kuna ta maganar maza. Innata da kakata suna cikin matan da sunka yi aikin furoje Keita, wanda anka hwara 1984 da kuɗin Italiya bayan babban hwari. Mazan duk sun tahi bida, Abijan da Legas, mata ne sunka ɗauki duwatsu a ka, cikin ranar Ader wadda kun san ta, suna jera su a kan tudu don tare ruwa, suna haƙa ramu suna dasa itace, ladar kuwa abinci ne ake auna musu, hatsi da mai da gwangwani. Kakata har ta rasu tsakiyar kanta ba gashi saboda gammo da dutse. Yau in ka bi hanyar nan ka ga kore inda da hwaƙo ne, ana zuwa daga ƙasashe ana ɗaukar hoto ana rubuta littahi. Haka ma layukan bedi na kwarin Majiya da anka hwara dasawa 1975 don tare iska, hannun talakawa ne. Ni ban ce a ba kowace mace lamba ba, sun yi yawa. Amma ko tsohuwa guda daga kowane gari a kira ta ranar 3 ga Agusta, tunda ranar dashen itace ce, a ce Inna ga wannan a madadin ku duka. Mi zai ci ma ƙasa?

Kuma ko cikin mawaƙan, zabiyoyi sun hi shan wuya. Namiji in ya tsuhwa ana ce mai sarkin makaɗa, mace in ta tsuhwa sai a ce ai da zabiya ce, kamar wani abin kunya.

Uwar Ƴan Biyu:
Wallahi ƴar uwa kin taɓo ni. Ungozomar da ta amshi haihuwata ta ƴan biyu a ƙauye, da hitilar ƙwai, ruwa ya cinye hanya mota ba ta shiga, ta kwana tsugunne a kaina. Rabin garin ita ta yanke ma cibiya. Ta rasu bara, mutane sun cika maƙabarta har ba wurin tsayi, wannan ita ce lambarta. Amma a takardar gwamnati kamar ba a taɓa yin ta ba.

Sannan ku tuna Zalika Souley, tauraruwar sinimar Nijar ta farko, wadda ta sha zagi a gari saboda rawar da take takawa a fim, da girma ya zo har sai da ta tahi Amurka aikatau. Ta rasu 2021. In wadda duniya ta sani ta ga haka, ina ga ta ƙauye.

Ɗan Konni a Kano:
Ina biye da ku daga nan Kano. Kar ku ɗauka mu kaɗai ne, nan Najeriya ma duk lokacin da aka fitar da sunaye sai an yi wannan muhawarar. Su nasu GCFR ne a sama na shugabannin ƙasa, sai GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, sai MON a ƙasa. To Mamman Shata da duk ƙasar Hausa har mu can Nijar muka tashi da muryarsa, MON aka ba shi, ta can ƙasa. Wanda ya yi minista na ɗan lokaci kuwa sai ka ji CON. Abin da mutane suka fi riƙewa game da Shata ma shi ne digirin girmamawa da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi a 1988, shi ya sa har gobe ake cewa Dokta, kuma ya ji ana kiransa haka da kunnensa shekara 11 kafin ya rasu a 1999. Ina ganin jami'o'inmu za su iya wannan ba sai sun jira minista ba, ga jami'a a Tawa ga Abdou Moumouni a Yamai.

Wani abu kuma, marubucin nan Chinua Achebe sau biyu ana ba shi CFR yana ƙi, 2004 da 2011, saboda bai gamsu da yadda ake tafiyar da ƙasar ba. Ke nan darajar lamba tana ga hannun da ya miƙa ta da kuma waɗanda aka jera ka da su.

Na Bakin Tasha:
Yawwa, ka zo inda nike. Abin da nike tsoro ke nan. Ranar da anka ce za a riƙa ba mawaƙa da yawa, wa kuke zaton za a ba? Wanda ya yi ma mai mulki waƙa. Gobe mulki ya juya a zo da sabon layi. Mun gani da idonmu, Hajiya Hamsou Garba Allah ya jiƙanta, muryar da kowa ya sani a ƙasar nan, a 2016 lokacin zaɓe gidan kaso na Yamai anka kai ta, tana waƙa tana bayan ɗan adawa. Ban shigo da siyasa ba admin, misali ne kawai, kowace gwamnati da nata mawaƙa da waɗanda take jin haushi. In lamba ta zama ladar yabo to gara kawu da takardarshi ta leda, aƙalla da guminshi ya same ta.

Admin:
A ci gaba, muhawara ta yi kyau. Roƙo ɗaya, kar a kama sunan jam'iyya ko a zagi wani, na da ko na yanzu.

Mushe Mai Ritaya:
Tsoronka na kan hanya ɗana, amma maganinsa ba a rufe ƙofa ba ne, a sauya mai riƙe da mabuɗi. Da ni ake shawara, kowace jiha ta samu kwamiti, a sa sarakunan gargajiya da malamai da ƙungiyoyin mata da su masu sana'ar kansu, kowa ya iya kai sunan wanda ya ga ya cancanta ko da baki ne, sakatare ya rubuta. A ware kaso na waɗanda ba ma'aikata ba, kar a taɓa shi. Kuma a riƙa karanta dalili a fili, wane an ba shi saboda kaza da kaza, don jama'a su auna da kansu. Yanzu suna da muƙami kawai ake karantawa, shi ya sa zargi ke yawa har a kan waɗanda suka cancanta.

Ku dubi kokowa mana. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a nan Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba wanda ke gardamar wa ya cancanta, don a gaban kowa ake kayarwa. Sarkin kokowa na samun takobi da rawani da kuɗi, ana san shi har ƙauyen da ba lantarki. Haka Issaka Dabore da ya kawo mana tagulla a dambe daga Munich 1972, da Alfaga da ya kawo azurfa a taekwondo daga Rio 2016, aikinsu a fili yake. Shi kiɗa da karantarwa da ungozomanci ba su da alƙalin wasa, dole sai an zauna an auna, to a nan ake bukatar mutanen kirki masu yawa, kar a bar ma mutum guda a biro.

Mai Gita:
Baba ko a kokowar ma, ka cire kiɗa da kirari ka gani in hilin zai yi armashi. Wa zai tuna kokowar da ba muryar Sagalo? Amma in an tashi rabon kyauta makaɗi na gehe.

Wani abin da ke ƙona min rai, sai waje ta yaba sannan mu waiga. Bombino sai da anka sa sunanshi cikin ƴan takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, na 2019, ɗan Nijar na farko, sannan wasu sunka san da shi a nan. Mdou Moctar ɗan jiharmu ne ta Tawa, yana cika zaurukan Amurka da Turai. Ƴan matan Illighadad daga wani ƙauye wajen Abalak sun zagaya duniya da tende da gita. Mamman Sani mai organ, kiɗinshi munka tashi muna ji tsakanin shirye-shirye a rediyo da tele ba mu san mai shi ba, sai da wani kamfanin Amurka Sahel Sounds ya sake hiddo shi a 2013. Moustapha Alassane da ya zamna cikinmu a Tawa shekara da shekaru yana sinima, Faransa ta maƙala mai Légion d'honneur a bikin sinima na Cannes 2007, yara nawa a Tawa sunka san ko wane ne shi? Yanzu da ake ta maganar ƴancin kai da dogaro da kai, har an hiddo sabuwar lamba da sunan Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari sojan Faransa na Voulet a 1899, to dogaro da kai ya haɗa da mu san namu kahin baƙo ya nuna muna.

Sannan maganar Na Bakin Tasha ta kuɗi gaskiya ce. Da haƙƙin mawaƙi na hitowa yadda ya kamata, da kawu bai rasa jika 18 ba. Akwai BNDA mai kula da haƙƙin mawallahi, amma tsohon da ke ƙauye bai ma san ana rajista ba, waƙarshi na yawo a kat memuwar da WhatsApp, mai tura waƙoƙi a kasuwa na samun na cehwane da ita shi ko ko dala. A Japan akwai waɗanda gwamnati ke ɗauka a matsayin taskar ƙasa mai rai, gwanayen sana'ar gargajiya, ana ba kowane yen miliyan 2 a shekara don ya riƙe sana'ar ya koyar. Mu ba mu da kuɗin Japan, amma ko buhun hatsi da kat ta ganin likita kyauta a haɗa da lambar ai ta zama abin da Na Bakin Tasha zai yarda da shi.

Na Bakin Tasha:
In da kat ta likita a ciki na sa hannu yanzu.

Ɗiyar Keita:
Amma mu ma mu duba kanmu hwa. Muna zargin gwamnati, alhali cikinmu nawa ne za su ba ɗan makaɗi ɗiyarsu? A yi biki a kira shi a yi rawa har asuba a liƙa mai kuɗi a goshi, gobe ya aiko neman aure a ce ba mu haɗa iri da maroƙa. Wanda ke zamne a biro yana tsara sunaye ai daga cikinmu ya hito, da wannan tunanin ya girma.

Ɗan Ader:
Yaya kin soki inda ke ciwo. Ƴaƴan kawu maza huɗu, ba ko ɗaya da ya yarda ya koyi goge, biyu na Abijan ɗaya na kabu-kabu, ƙaramin ya ce min a lakwal ana ce mai ɗan maroƙi shi ya sa ko taɓa shi ba ya yi. Ni kaina da nike rubutun nan ban koya ba, kuma ina yaro in ya zo Yamai wasa ban cika son abokaina su san kawuna ne ba, Allah ya yahe min. Shi ya sa nike ganin lambar na da amhwani ko ba kuɗi, da yaran nan sun ga an kira ubansu gaban gwamna an tsaya mai, wataƙila da ɗaya ya ɗauki gogen.

Almajirin Malam:
Gori da asali kam addini bai yarda da shi ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Ɗan Ader turo min lambarka ta waya ta gefe, ina da jika 5 na maganin kawu.

Uwar Ƴan Biyu:
Ni ma a sa ni jika 3. Admin a buɗe lissahi don Allah.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗana, ni kuma abin da na iya shi ne takarda. Ban yi maka alkawarin za a ba shi ba, ba a hannuna yake ba, amma dosiye sai an ajiye shi sannan a ce an ƙi. Ka samo min takardar haihuwarsa, in babu ko ta alƙali irin wadda ake yi ma waɗanda aka haifa ba a rubuta ba, da hoton temuwanyaj ɗin nan gaba da baya, da duk wani hoto na zamanin festibal, da sunayen garuruwan da suka je da shekarun in yana tunawa. Ni zan rubuta tarihin aikinsa da Faransanci, mu kai ma masu kula da al'adu na jiha, su ke da hurumin turawa sama. Ɗiyar Keita ke ma ki tambayi innarki wace tsohuwa ce ta rage cikin shugabannin matan aikin nan, mu haɗa biyu.

Ɗiyar Keita:
To Baba, yau da dare zan kira ta. Akwai ɗaya da nike tunani, ita ke rabon aiki a garinmu, in tana da rai ta kusa tamanin.

Mai Gita:
Ni ina da wasan biki a Tawa ƙarshen wata. Yaya Ɗan Ader in kawu zai yarda in zo da na'urar ɗaukar murya mu kwana biyu, ya ja ya kuma ba da labarin kowace waƙa, a sa sunanshi a kai, kwafi ɗaya gare ku ɗaya cikin dosiye. Ba na son ko dala.

Ɗan Ader:
Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na kira gida anka kai mai waya na karanta mai saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Maganar dosiye ya ce a gaida Mushe, takardar alƙali na nan cikin akwatin. Maganar ɗaukar murya ya ce Mai Gita ya zo, gida nashi ne, sai dai gogen ya shekara uku a rataye, hwatar ƙoƙon lahiya lau take amma izgar duk ta tsintsinke, kuma ba ya son ta roba. Ya ce a bido mai izgar doki ta ƙwarai da ɗan ƙaro na shahwawa. Wanda ya san mai doki wajen Tawa ko Illela ya taɓa ni ta gehe kahin ƙarshen wata.